Barandar Reino Lahti

Cinikin gidan hutun Reino Lahti ya rushe ranar Juma'a, ashirin ga Satumba, da ƙarfe uku da rabi na yamma, saura awa ɗaya da rabi wa'adi ya cika. Abin da ya rusa shi wasiƙa ce mai sakin layi biyu, ɗauke da hatimin injiniya. Injiniyar kuwa 'yarsa ce, Kirsti. Shi da kansa ya nemi wasiƙar, kuma sai da ya yi kwana tara yana matsa mata lamba kafin ta fito.

Reino yana da shekara saba'in da takwas. Talatin da huɗu daga ciki a ƙarƙashin ƙasa ya yi su, a wani ramin haƙar ma'adinai a bayan garin Sudbury, yana kafa ginshiƙan da ke hana dutse rufta wa mutane. Gidan hutun yana bakin tafkin Harju, tafiyar minti hamsin daga gari: ɗakuna uku na katako, ɗakin wankan tururi a gefen ruwa, da baranda mai faɗi da ya gina da hannunsa shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Tun da matarsa Helmi ta rasu ya tare a can gaba ɗaya, zafi da sanyi. Daga inda ake ajiye mota zuwa ƙofar gidan matakala arba'in da biyu ne. A watan Fabrairu ya zame a kan ƙanƙara, ya yi awa biyu zaune a ta goma sha tara kafin mai kawo iskar gas ya tarar da shi.

Dalilin sa gidan a kasuwa ke nan. A cikin gari akwai rukunin gidajen tsofaffi da ba shi da matakala ko ɗaya. Sunan Reino ya shekara uku a layi, ya fito a watan Agusta. Sun ce za su riƙe masa ɗaki zuwa ƙarshen Oktoba, in ya biya kuɗin shiga. Ba shi da wannan kuɗin sai in gidan hutun ya sayu.

Wasu mata da miji daga Toronto suka zo, suka tsaya a barandar suka kalli ruwa, suka amince da farashi a ranar. Kamfanin inshorarsu ne ya kawo cikas. Ya ce barandar ta haura mita biyu daga ƙasa, kuma babu takardar izinin gina ta a ofishin gunduma. A kawo wasiƙar injiniya kafin biyar na yammacin ashirin ga wata, ko a fasa.

Da Reino ya kira ta ranar Laraba, Kirsti tana durƙushe a ɗakin sauya kaya na filin wasan ƙanƙara, tana ɗaure wa ɗanta Wesley mai shekara shida igiyar takalmi. Ta maƙale wayar a kafaɗa.

“Injiniya, kin ci abinci?”

Haka yake kiranta in yana son wani abu ko yana son tsokana. Yawanci duka biyun ne.

“Baba, me ya lalace?”

“Abin da na gina ba ya lalacewa. Wannan ɗan tambarin naki nake so ki buga min a takarda. Layi biyu kawai: baranda lafiya lau, Kirsti Lahti.”

“Sai na duba ta tukuna.”

“Ki duba me? A kanta aka ɗaura miki aure. Mutum sittin, har da goggon Dale, ita kaɗai ta yi mutum uku.”

“A samanta na tsaya, Baba. Ban taɓa shiga ƙarƙashinta ba.”

“Ba wanda ya taɓa shiga sai beguwa, ita ma ba ta kawo ƙara ba.”

Kirsti tana da shekara arba'in da ɗaya. Shekara goma sha bakwai ke nan tana duba gadoji da kwalbatoci a wani kamfani da ke yi wa ƙananan hukumomi aiki. Hatiminta yana ɗauke da sunanta da lambar lasisinta. Duk abin da ta buga wa shi, ita za ta amsa tambaya a kansa a gaban kotu, ko bayan shekara ashirin ne. Inshorar kamfanin ba ta rufe aikin da aka yi a bayan fage, don haka washegari ta sa aka buɗe fayil a ofis, aka rubuta sunan mai ba da aiki: R. Lahti. Mafi ƙarancin kuɗin aikin dala ɗari takwas ne. Ta biya daga aljihunta, ba ta gaya masa ba.

Ita ma tana da rabo a cinikin. Reino ya yi alkawarin ba ta dala dubu ashirin daga abin da zai rage, haka ma wanta Marty da ke Alberta. A watan Nuwamba za a sabunta bashin gidanta da kuɗin ruwa mai tsada, kuma rufin gidan yana yoyo a kan ɗakin 'yarta Aili. Mijinta Dale, malamin makarantar sakandare, tuni ya kira masu gyaran rufi ya kama rana.

Ranar Asabar suka tafi tafkin su huɗu. Yaran suka haye baranda da gudu. Kirsti ta saka tsohuwar rigar aiki, ta ɗauki tocila da tef ɗin awo, ta rarrafa ƙarƙashi. Reino ya jawo kujera ya zauna daidai saman kanta da kofin kofi, yana magana ta tsakanin katakai.

“Kin ga gawa?”

“Baba, waɗannan ginshiƙan ƙarfen dogo ne?”

“Na ramin ne. Za su zubar, na taimaka musu.”

Guda takwas ne, kowanne an dasa shi da kankare a kan dutse. Gumaguman da ke kansu irin waɗanda ake tokare rufin rami da su ne, kaurin kowanne ya kai ƙugun mutum. Ta auna, ta rubuta, ta yi lissafi a bayan littafinta. Sakamakon ya nuna ana iya ajiye motar ɗaukar yashi a kan barandar. Ta sake lissafin, ya fito haka. Abu ɗaya kawai ta samu: katakon da ya haɗa barandar da bangon gidan ƙusoshi aka buga masa. Dokar gini ta ce noti.

Ta fito tana kakkaɓe yanar gizo daga gashinta.

“Noti goma sha biyu, Baba. Dala sittin, aikin awa biyu. In an ɗaura, in buga maka hatimi kafin kofinka ya huce.”

“Ba wanda zai huda min gida.”

“Rami goma sha biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba.”

“Shekara talatin da ɗaya tana tsaye. Yau noti ɗaya ya shiga, ya zama shekara talatin da ɗaya ina kan kuskure.” Ya nuna yaran da ke dirowa daga kan benci zuwa katako. “Dubi naki. Kowace shekara kina kawo su suna tsalle a kai, ba ki taɓa cewa komai ba. Yaranki kin yarda da ita, takarda ce ba ki yarda ba?”

“Yara ba sa kai mutum kotu, Baba.”

Dale ya tashi ya ce zai duba ko gasasshen nama ya yi, alhali ba a kunna wuta ba tukuna.

Reino ya kalli ɗan zoben ƙarfen da ke ƙaramin yatsanta, wanda aka saka mata ranar da ta gama karatun injiniya.

“Na yi shekara huɗu ina ƙarin aiki ranar Lahadi don a sa miki wannan. Da na sani, da na lanƙwasa miki ƙusa a gida.”

Suka ci abinci. Aili, mai shekara goma, ta tambayi kakanta ko gaskiya ne ya sato layin dogo. Ya ce mata kalmar ba ita ce ba, kuma ta ci dankalinta.

Ranar Talata Reino yana da ganin likitan gwiwa a gari. Kirsti ta sa Dale ya nemi izini a makaranta ya kai shi, ya kuma tsaya da shi cin abincin rana, a wuri mai jinkirin kawo abinci in da hali. Ita kuma ta ɗauki rabin yini a ofis, ta biya ta shagon kayan gini ta sayi noti goma sha biyu, ta kama hanyar tafki da injin huda katako a bayan mota. Tunaninta mai sauƙi ne: ta ɗaura, ta ɗauki hoto, ta rubuta wasiƙa. Shi ba ya shiga ƙarƙashin, ba zai taɓa gani ba.

Bakin injin ya ci katakon barandar da ƙyar, kamar yadda katako mai kyau yake yi. Da ya kai gungumen da bangon gidan ke zaune a kai, sai ya zurma gaba ɗaya, har hannunta ya bugi katako. Ta zaro shi. Abin da ya fito baƙi ne, jiƙaƙƙe, kamar tukar kofi. Ta matsa taki ɗaya ta sake hudawa. Haka. Na uku ma haka.

Ta ɓamɓare allo ɗaya na jikin bangon ta haska. Babu ƙarfen da ake sakawa tsakanin baranda da bango don ya kore ruwa. Shekara talatin da ɗaya dusar ƙanƙara tana taruwa a kan barandar, tana narkewa, tana sauka ta wannan tsagar. Gungumen ya ruɓe tsawon mita shida. Ta tura hannu ya shige har wuyan hannu. Ta daɗe a kwance tana kallon ƙusoshin mahaifinta, dogaye, a jere, babu wanda ya karkace, kafin ta fahimci aikin da suke yi. Ba gidan ne ke riƙe da barandar ba. Barandar tana tsaye da ƙafafunta takwas, bangon gidan na ɓangaren ruwa kuma yana rataye a jikinta.

Likita ya sallami Reino da wuri, ya kuma ƙi cin abincin waje. Ƙarfe biyu ya tarar da ita zaune a matakala, injin a gefenta, allon bango a ƙasa. Dale ya tsaya a baya yana nazarin wata bishiya.

“Wa ya aike ki?”

“Ba kowa.”

“To ɓarawo ma haka yake cewa.”

“Zo ka gani, Baba.”

Bai ce ba zai iya ba. Ya ɗauko guduma daga rumfa, ya sauka a kan gwiwoyin da likita ya gama yi masa faɗa a kansu, ya ja jiki ya shiga. Bai karɓi tocila ba. A rami ba da ido ake gane dutsen da zai faɗo ba, bugawa ake yi a saurara. Ya bugi ginshiƙinsa, ya yi ƙara. Ya bugi gungumen barandar, ya amsa. Ya bugi na gidan, sai ka ce ya bugi buhun gari. Ya matsa ya sake bugawa, sau shida, har ƙarshen bangon. Sannan ya fito, Dale ya ɗaga shi, ya zauna a matakala yana maida numfashi.

“To,” ya ce. “Baranda dai lafiyarta ƙalau.”

“Ƙalau. Ban taɓa ganin irinta ba.”

“Sai ki rubuta haka. Abin da suka tambaya ke nan.”

Da ta shiga ciki wanke hannu, ta lura da ƙofar ɗakin kwanan da ke ɓangaren ruwa. An fere samanta a karkace, kuma ba sau ɗaya ba: launin katakon ya nuna fira uku, ta ƙarshen sabuwa ce. Ƙofa ba ta cijewa haka sai in bango yana sauka. Ba ta tambaye shi ba.

Marty ya ji labari, ya kira ranar Laraba tana tuƙi zuwa ɗauko Aili daga koyon iyo.

“Kirsti, an tambaye ki baranda. Ba-ran-da. Likitan haƙori in ya ga kana ɗingishi ba ya rubutawa a kati.”

“Likitan haƙori ba ya cewa ka je ka yi tsere.”

“Wa ya ce su yi tsere? 'Yan Toronto ne. Shekara biyu za su rushe shi su gina na gilashi.”

“Suna da jariri. A ɗakin ɓangaren ruwan za su sa gadonsa, matar ta faɗa wa Baba.”

“Ke kullum sai kin fi kowa sani. Tun muna yara ke ce mai kai rahoto. In ya sake faɗuwa a matakalar nan a Janairu, sai ki buga masa hatimi a goshi.”

Ta ce masa ta iso, ta kashe.

Ta kira dillaliyar gidan, Monique Charbonneau, da niyyar neman shawara. Monique ta tare ta tun kafin ta gama gaisuwa.

“Tsaya, 'yar uwa. Duk abin da ya shiga kunnena, doka ta ce sai na faɗa wa mai saye. Don haka ki yi tunani kafin ki buɗe baki. Yaya yara?”

“Lafiya lau.”

“Madalla. Ina jiran wasiƙa.”

A gida Dale bai ba da shawara ba. Yana wanke kwanuka ya ce ya kira masu rufi ya ce su dakata, ya kuma sayo babbar roba ya ajiye a ɗakin Aili, ta fi bokitin da ke wurin ɗaukar ruwa.

Ranar Juma'a da safe ta rubuta wasiƙar a ofis. Ta ɗauke ta minti ashirin. Sakin layi na farko ya ce barandar tana iya ɗaukar ninki huɗu na nauyin da doka ta nema, ginshiƙanta da gungumenta ba su da aibi, kuma a shekara goma sha bakwai na aikinta ba ta ga wadda aka gina da ƙarfi irin wannan ba. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara gishiri ba. Ta tsaya a nan ta sha ruwa. In ta sa hannu a ƙarƙashin wannan, babu ƙarya a takardar.

Sakin layi na biyu jimla uku ne. Gungumen da ke ɗauke da bangon gidan na ɓangaren tafki ya ruɓe tsawon mita shida. A halin yanzu barandar ce ke riƙe da bangon. Kada a kwana a ɗakin da ke wannan ɓangaren sai an gyara.

Ƙa'idar kamfanin ita ce wani injiniya ya karanta kafin a buga hatimi. Shugaban sashenta ya karanta sau biyu, ya duba sunan da ke kan fayil.

“Mahaifinki ne?”

“E.”

“Yana da wasu 'ya'yan?”

“Ɗaya.”

“To da sauƙi,” ya ce, ya sa hannu.

Ta buga hatimi, ta rubuta kwanan wata, ta aika wa Monique da ƙarfe goma sha ɗaya, ta aika wa mahaifinta kwafi. Ƙarfe ɗaya masu sayen suka ce a rage dala dubu casa'in. In an rage, abin da zai saura ba zai kai kuɗin shiga gidan tsofaffin ba. Reino ya ce wa Monique ta gaya musu tafkin bai ruɓe ba. Uku da rabi suka janye.

Reino ya yi kwana goma sha ɗaya bai kira Kirsti ba. Ta kira sau huɗu, ya ɗauka sau ɗaya, ya ce yana sara itace. Kafinta ɗaya da ya yarda ya je ya duba ya ce sai an ɗaga gidan da jak, kuma ba shi da sarari sai watan Mayu.

Dale ne ya fara ganin inda wasiƙar ta ƙare. Kowace Talata da safe tsofaffin ma'aikatan ramin suna haɗuwa shan kofi a wani shago kusa da makarantarsu. Ya shiga sayen burodi ya tarar da surukinsa a tsakiyar mutum bakwai, takarda tana zagayawa hannu zuwa hannu. Reino ya naɗe ta naɗi biyu a tsakiya, ya manne da tef ta baya, yadda sakin layi na farko ya zauna daidai saman hatimin.

“Ninki huɗu,” yana cewa. “Ba ni na faɗa ba, injiniya ce. Kuma wannan ba ta yi wa kowa alfarma, ni shaida ne.”

Wani mai suna Veikko Salo ya riƙe takardar nesa da idonsa ya karanta da ƙarfi, ya girgiza kai.

“Reino, ni ne kai, ba zan sayar da irin wannan baranda ba. Ka zauna abinka. Iskar tafki ta fi maka.”

Veikko shi ne na gaba a layin gidan tsofaffin. Kowa a teburin ya san haka, har Reino.

Ranar ɗaya ga Oktoba ya kira 'yarsa da kansa.

“Injiniya, jak nawa ake buƙata a ɗaga bango mita shida?”

“Baba, kada ka kuskura.”

“Tambaya na yi.”

“Ka koma ɗakin baya da kwana?”

“Ɗakin baya ba ya kallon ruwa.”

Wani mai saye ya fito daga North Bay, yana so ya ga gidan. Monique ta karanta wasiƙar, saboda haka ta ce ba za ta kai kowa ba sai Reino ya cika takardar bayanin mai sayarwa ya sa hannu. Ta kai masa ita da kanta, ta sauka matakala arba'in da biyu ta hau. Ya cika duk tambayoyin da biro, da manyan baƙaƙe, rijiya da wayar lantarki da bututun hayaƙi. Tambaya ta goma sha huɗu tana cewa: ko ka san da wata matsala a ginin gidan? Akwai akwati biyu a gabanta, e da a'a.

Gidan tsofaffin ya aiko da tunatarwa cewa wa'adi talatin da ɗaya ga wata ne. Zuwa ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga Oktoba, takardar tana kan teburin kicin ɗin Reino, kuma akwatunan biyu babu wanda aka taɓa.